Yadda fankishin ke karɓar bayanai komai yawansu

A kasuwar amfanin gona ta Gadarif, wani manomi zai kawo ridi buhu uku, wani ya kawo arba'in. Mai rubuta manhajar da za ta tara nauyin buhunan ba shi da hanyar sanin yawansu tun farko. Yana buƙatar fankishin, wato guntun umarni mai aiki guda, wanda zai karɓi lambobi ko nawa aka miƙa masa.

A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs wajen 1972, ana sa ɗigo uku a ƙarshen jerin abin da fankishin zai karɓa. Kayan karanta jerin suna cikin stdarg.h, wanda ya shiga ƙa'idar harshen a 1989. Ana tanadar va_list, a buɗe shi da va_start, a riƙa ɗauko bayani ɗaya bayan ɗaya da va_arg, sannan a rufe da va_end.

Inda gizo ke saƙa shi ne, C ba ya ƙirga abin da aka turo, ba ya kuma tuna irinsa. Dole mai rubutu ya faɗa da kansa: ko ya fara miƙa adadin, ko ya sa alamar ƙarshe irin NULL, ko ya yi kamar printf, inda kowane %d ke nufin lamba na tafe, %s kuma rubutu. In ka ce buhu biyar ne alhali huɗu ka turo, va_arg na iya jawo duk abin da ya tarar a ma'ajiyar kwamfuta ya haɗa cikin lissafin, ba tare da gargaɗi ba. Ta irin wannan kafa masu kutse suka riƙa shiga manhajoji wajen shekarar 2000.

Sababbin harsuna sun sauke wa mutum wannan nauyi. A Python ana rubuta *args, harshen ya tattara komai a jeri ɗaya, len ya faɗi yawansu. Java ta samu nata a 2004, JavaScript kuma ta ƙara ɗigo uku a 2015.

Ɗalibin da ke koyon C a Jami'ar Gadarif ya kamata ya saba da abu biyu: kunna gargaɗin -Wall na manhajar fassara C mai suna gcc, wanda ke kama kuskuren printf, da kuma ƙin miƙa rubutun baƙo kai tsaye a matsayin tsarin printf.