Daga Farfaru Zuwa Azbin: Yawon Buɗe Ido a Hamada

Jama'a masu sauraronmu a Farfaru da Magama da sauran garuruwan Jibiya, har da 'yan'uwanmu na Ɗan Isa da Maraɗi, assalamu alaikum. 

A ƙasar Amurka akwai wata irin mota da ake ƙerawa da ɗaki a cikinta. Akwai gado, akwai wurin girki, har da makewayi. Da sanyi ya shigo, sai tsofaffin da suka yi ritaya su ɗauki irin waɗannan motoci su nufi hamadar jihar Arizona. Wani ƙaramin gari mai suna Quartzsite yakan cika maƙil da dubbansu, suna kallon duwatsu da faɗuwar rana. Na san wani yana jina yanzu yana cewa wannan ai aikin wanda ya ƙoshi ne. Ba ka yi ƙarya ba, malam. Amma hamadar da Turawa suka daɗe suna kashe kuɗi don su gani tana nan arewa da mu, kuma ƙofarta wannan titin ne da muke bi kullum da buhunan masara da jarkokin mai.

Idan ka wuce Magama, ka gama da kwastam da 'yan duwan na Ɗan Isa, ka isa Maraɗi, hanya ta rabu biyu. Ko dai ka yi yamma ta Birnin Ƙonni da Tawa da Abalak, ko ka yi gabas ta Damagaram da Tanut. Kowacce ka bi, tafiyar ta haura kilomita 600 kafin ka hango hasumiyar masallacin Agadas. Hasumiyar nan ta laka ce, tsayinta mita 27, itatuwa sun fito daga jikinta ta kowane ɓangare, kuma da su masu yaɓe suke hawa in za a yi gyara. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya. Bahaushe kuwa ba ya buƙatar tafinta a can, domin Hausa ake yi a kasuwa da tasha, har a ƙofar fadar Sarkin Azbin.

Daga Agadas ne yawon yake farawa. A kan hanyar Arlit, a wani wuri da ake kira Dabus, akwai zanen raƙuman dawa guda biyu da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce. Babban ya haura mita 5, kuma an zana shi har da ɗigo-ɗigon fatarsa. Wato akwai zamanin da wannan ƙasar take da ciyawa da ruwan da raƙumin dawa zai rayu. A cikin duwatsun Azbin akwai Timiya, inda bayan ka sha ƙura da duwatsu baƙaƙe sai kawai ka faɗo cikin lambunan lemu da rumman da dabino. Sai kuma Tenere, rairayi iya ganinka. A nan ne wata itaciyar ƙaya ta yi zamani ita kaɗai kusa da wata rijiya, ayarin gishirin Bilma suna yada zango a gindinta, babu mai karya ko reshenta don hura wuta. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Duk faɗin Tenere, ita kaɗai ya samu ya buga! Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai yanzu, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

To wace irin mota ke shiga irin wannan wuri? Motar Amurkawa mai gado da makewayi ba za ta yi nisa ba za ta kafe. A nan Land Cruiser da Hilux ne sarakai. Ɗakin kwana tabarma ce da bargo a gindin tudun rairayi. Direban Agadas, kafin ya shiga rairayi mai laushi, sai ya sauko ya rage iskar tayoyi don su baje su daina nutsewa. Yana da shebur, yana da faranta na ƙarfe da ake turawa ƙarƙashin taya in mota ta kafe, yana da jarkokin mai da na ruwa, wani ma har da salka a rataye a gefen mota, iska na kaɗa ta ruwan yana sanyi. Ba a shiga da mota ɗaya, sai biyu ko fiye, saboda in ɗaya ta lalace a tsakiyar Tenere ba bakanike, ba mai wucewa. Da magariba kuwa sai a kwaɓa fulawa, a binne ta cikin rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi, a fito da gurasar Buzaye a kakkaɓe, ga shayi ana dafawa har zagaye uku. A ganina, abin da baƙo yake biya ke nan, wato idon ɗan jagora da ya san wane rairayi ne zai ɗauki mota wane ne zai haɗiye ta. Wannan ilimi gadon madugai ne.

An yi zamanin da sana'ar nan ta yi kasuwa. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sukan sayi tsohuwar Fijo 504, su keto ta Aljeriya, su bi Tamanrasat da Asamaka da Arlit, su sha kallo, su sayar da motar a Nijar ko gaba da nan, su hau jirgi da kuɗin. Gasar tseren motoci ta Paris zuwa Dakar, wadda Thierry Sabine ya fara a ƙarshen 1978, ta sha yada zango a Agadas. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman garin yake ɗauke da sunansa, da kamfanin kai baƙi hamada ya fara yin suna. Maƙeran azurfa da dukawa da masu masauki duk sun ci moriya.

Tawayen Azbinawa na farkon shekarun 1990 ya fara tsinka wannan ciniki, na 2007 ya ƙara. A 2008 aka soke gasar Dakar saboda barazanar tsaro, daga nan ta bar Afirka. A 2010 aka sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Direbobi da yawa suka koma jigilar masu neman tsallakawa Libiya, wasu suka nufi wuraren haƙar zinariya. Mu ma nan Jibiya ba sai an ba mu labarin rashin tsaro ba, ga kuma rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023, har sai cikin Maris na 2024 aka buɗe.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, ko a zamanin da hanya take lafiya, mutanenmu ba su cika zuwa kallo ba. Muna zuwa Agadas fatauci, muna zuwa neman aiki, amma ka ce wa mutum ya haɗa abokai biyar su yi karo-karo su je bikin Biyanu da ake yi a watan Muharram, ko taron makiyaya na Ingal da ake yi wajen watan Satumba, sai ya tambaye ka ribar me za a samu. Alhali Bature ya taso daga wata uwa duniya saboda su.

Ga mai niyya, lokacin sanyi ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma a tafi da bargo mai kauri don daren hamada ba ya wasa. Kada a wuce Agadas ba tare da ɗan jagora na gari da izinin hukuma ba, domin wasu hanyoyin sai da rakiyar soja ake bin su. Kafin a ɗaura kaya kuma, a je tashar Maraɗi a tambayi direbobin da suka sauko daga arewa a makon nan yadda hanya take.