Daga Dakar zuwa Juj, inda tsuntsayen Turai ke cin rani

 A wannan fitowa za mu ba ku labarin wata tafiya da muka yi da mota a ƙasar Senegal cikin watan Janairun 2023. Ba fatauci ya kai mu ba, ba kuma neman magani ba. Kallon tsuntsaye muka tafi. Mun san wani zai yi dariya, domin mun riga mun sha ta a gidan da muka sauka a Dakar, inda bikin wani ɗan'uwa ya tara mu. Uwargidan cewa ta yi, "Duk tsuntsayen da kuka baro a Maraɗi ba su ishe ku ba, sai kun ƙona mai?"

Mafarin tafiyar kuwa shi ne kawunmu, dattijon da ya tashi a bakin tafkin Madarunfa. Wani dare jikansa ɗan shekara 12 ya nuna masa hoton gauraka a waya, ya ce, "Kaka, wannan tsuntsun gaske ne ko zane?" Kawu ya daɗe bai amsa ba. Daga bisani ya ce a ƙuruciyarsu kukan gauraka ne ke tashin su da asuba, amma yanzu ya manta rabonsa da jin sa. Nan ne maigidan da ya sauke mu ya ba mu labarin gandun tsuntsaye na Juj, wanda ake rubutawa Djoudj, can arewa kusa da iyakar Muritaniya. Kawu ya ce a kai yaron ya gani da idonsa.

Hanyar arewa

Mun bar Dakar bayan sallar asuba mu biyar har da direba. Tsakanin Dakar da birnin Sen-Luwi akwai kimanin kilomita 260, kwalta ce duka. Muka ratsa Ciyes, muka wuce Tiwawan, garin Alhaji Malik Si, muka doshi Luga. Tun daga nan ƙasa ta fara kama da tamu: rairayi, kuka da gawo, da garken shanun Fulani. Kawu ya karɓi madubin hangen nesa da muka aro, ya shiga kiran sunan duk abin da ya gifta, daga shirwa da cilakowa har belbelar da ke bin sawun shanu. Yaron kuma ya ɗauko littafinsa na lakwal yana rubutawa.

Da azahar muka haye gadar ƙarfe ta Faidherbe, wadda aka buɗe a 1897, tsawonta ya ɗara mita 500, muka shiga tsibirin Sen-Luwi, wanda mutanen garin ke kira Ndar. Muka ci cebujen, wato shinkafa da kifi irin tasu, muka kwana. Washegari da duku-duku muka kama hanyar Juj, kimanin kilomita 60, wadda ƙarshenta burji ce mai ƙura. Gonakin shinkafa ne dama da hagu, ga gadu na tsallake hanya da wutsiya a miƙe.

Masaukin baƙi

An kafa gandun Juj a 1971, faɗinsa hekta 16,000, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1981. Darajarsa daga wurin zamansa take. Tsuntsun da ya taso daga Turai da shigowar sanyi, ya ƙetare teku, ya ratsa Sahara, wannan fadamar ta bakin kogin Senegal tana cikin ruwayen farko da zai tarar. Saboda haka tsuntsaye sama da miliyan ɗaya ke sauka nan kowace shekara, an kuma ƙirga iri fiye da 350. Lokacin ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Afrilu.

Da mai yi mana jagora ya gama wannan bayani da Faransanci, muka mayar wa Kawu da Hausa, sai ya ce, "Ashe ƴan cin rani ne." Lalle kuwa haka ne. Yadda samarinmu ke barin ƙauye bayan kaka su nemi abin kai wa baka, su komo da faɗuwar ruwa, haka agwagin nan na Turai ke yi. Shamuwa ma cin ranin take yi, sai dai ita hanyarta dabam: tana zuwa mana da damina, ta yi sheƙa a bishiyoyin garuruwanmu, rani na kamawa ta yi kudu har ƙasashen gabashi da kudancin Afirka.

Muka shiga kwalekwale mai inji, muka bi wani rafi tsakanin ciyayi. Kirinjijiya na tashi gungu-gungu da fito, dinya na kiwo a gaɓa, zalɓe tsaye cik kamar an dasa shi, ga kada kwance baki buɗe yana shan hantsi. Kafin mu iso tsibirin kwasakwasa, wari da hayaniya suka riga sanar da mu. Dubban kwasakwasa ne cunkushe a kan ɗan tudu. Iyayen farare ne, faɗin fikafikansu ya kusa mita 3, ƴaƴan kuwa baƙaƙe, kowane na cusa kansa cikin maƙogwaron uwarsa yana ciro kifi. A gefe muka ga yadda suke su: sukan jeru kamar baka, su koro kifi wuri ɗaya, sa'an nan su tsoma baki a tare, tamkar masuntan da suka yi gayya.

Amma wanda ya fi ba mu mamaki ko ganinsa ba mu yi ba. Wani ɗan tsuntsu ne da Faransawa ke kira phragmite aquatique, nauyinsa kamar gram 12. Yana ƙyanƙyasa a fadamun Polan da Belarus da Yukren, kuma yana cikin tsuntsayen Turai da ake tsoron ƙarewarsu. Masana sun yi shekaru suna neman inda yake ɓuya da sanyi, sai a 2007 suka same shi a cikin ciyayin Juj. Abin da bai cika tafin hannun yaro ba, ya yi tafiyar sama da kilomita 4,000 domin ya tarar da ruwa a nan.

Idan masauki ya lalace

Ruwan nan kuwa ya sha shiga hatsari. A 1986 aka gama madatsar Jama a kan kogin Senegal, domin hana ruwan gishiri na teku hawowa. Manoman shinkafa sun amfana ƙwarai. Sai dai da ruwan daɗi ya zauna wuri ɗaya shekara duka, kacalla ta samu sarari ta cinye bakin rafuka. Bayanta wata ciyawa mai yawo bisa ruwa, salbiniya, ta rufe fuskar ruwan, har UNESCO ta sa Juj cikin wuraren da ke cikin hatsari a 2000. Da hannu aka yi ta kwasar ta, aka kuma saki wani ɗan ƙwaro mai cin ta, sai a 2006 aka fid da gandun daga wannan jeri. A Janairun 2021 kuma murar tsuntsaye ta kashe kwasakwasa kimanin 750, akasarinsu ƙanana.

Da Kawu ya ga kacallar sai ya girgiza kai, domin ya san ta. Ita ce ke cin tafkuna da dama a ƙasarmu, tare da yashin da ruwa ke kwasowa daga tudun da aka sare itatuwansa. Hasali ma hanyar baƙin nan ba Senegal kaɗai ta bi ba. Wasunsu kan sauka Madarunfa da Tabalak da Gidimuni da bakin Komadugu, har tafkin Cadi. Gauraka kuwa, wadda ba ta zuwa Turai, abu biyu suka rage ta: bushewar fadamun da take sheƙa, da kamun da ake yi mata don a ajiye ta a gida ko a sayar.

Da la'asar sakaliya, muna shirin juyawa, sai Kawu ya ɗaga hannu ya ce a kashe mota. Mu ba mu ji kome ba, shi ya ji. Can nesa a cikin wata fadama, ga gauraka huɗu na tafiyar ƙasaita, tukkunsu na ƙyalli cikin hasken yamma. Ya miƙa wa jikansa madubin, ya dafa kafaɗarsa. Yaron ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Kaka, ashe da gaske ne."

Ƴan'uwa, ba kowane magidanci ke da halin kai iyalinsa Senegal ba, ba ma sai an je can ba. Tsakanin Disamba da Fabrairu, mu ɗauki yara da wani dattijo da ya san daji, mu je tafkin da ya fi kusa da mu da sassafe, a sa tufafi marasa ɗaukar ido, a rage surutu, a riƙe littafi da alƙalami. Mu hana su kwasar ƙwai da harbin wasa da danƙo. Wanda ya ga mushen tsuntsaye da yawa wuri ɗaya kada ya taɓa, ya sanar da likitan dabbobi. Wanda kuma ya tsinci tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, ya kai lambar wurin ma'aikatan gandun daji, domin da irin zoben nan ake gane ƙasar da baƙon ya fito.

Kafin mu koma Dakar, littafin yaron ya cika shafi biyu da sunayen tsuntsaye da Hausa, duka daga bakin kakansa. Sun yi alkawarin da zarar an koma gida za su je Madarunfa su ga nawa za su samu daga cikinsu. Allah ya ba su sa'a, ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.