Harshen Japon: ƙasar ce ke da nisa, bakin yana kusa

A Sarkin Hausa, cikin gundumar Mayahi, kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, ba a rasa kayan Japon. Motar Toyota ita ke ɗaukar gero da wake zuwa Tasawa da Maraɗi, farin magin Ajinomoto kuwa yana kan teburin mai kayan miya. An san kayan, amma ba a san bakin masu kayan ba. Ga shi kuwa ɗalibin da ya tashi da Hausa yana da sauƙin da Bafaranshe ba shi da shi wajen koyon Japananci.

Daddawa iri biyu

Ɗalibai da yawa ta tukunya suke fara ƙaunar Japon, kuma a nan Bahaushe zai gamu da abin da ya saba. A ƙasar Mayahi da Tasawa mata suna dafa gurguzu, wato ƴaƴan yakuwa, su rufe shi kwanaki har ya ruɓa, su yi daddawar batso. Inda ɗorawa take da yawa kuma, da kalwa ake yi. Mutanen Japon su ma suna dafa waken suya, su ajiye shi wuri mai ɗumi har ya yi yauƙi da wari. Suna kiransa natto, suna cinsa da shinkafa da safe. Masana sun gano ƙwayar halitta iri guda ce ke ruɓar da natto da daddawar kalwa. Marubucin nan na Japon, Hideyuki Takano, ya bi sawun wannan zumunta har Kano, ya fitar da littafi a kai a shekarar 2020.

Garɗin da daddawa ke sa wa miya shi Japanawa ke kira umami. Wani masani mai suna Kikunae Ikeda ne ya ware sinadarinsa daga ciyawar teku a 1908, daga nan aka samo Ajinomoto a 1909. Riɗin da suke barbaɗa wa abinci kuwa, galibinsa daga waje suke saye, kuma Afirka na cikin manyan masu sayar musu.

Inda bakin biyu suka yi kama

Wasulan Japananci biyar ne: a, i, u, e, o, daidai da na Hausa. Gaɓoɓin kalma kuma baƙi ne da wasali, kamar yama, wato dutse, da sakana, wato kifi. Kamar yadda jan wasali ke raba garin da ake zaune ciki da garin tuwo, haka obasan ke nufin inna ko gwaggo, idan an ja wasalin aka ce obaasan ya zama kaka. Kamar yadda hawa da saukar murya ke raba kukan yaro da kukar miya, haka hashi ke zama gada ko tsinken cin abinci. Wannan shi ke ba Turawa wahala, amma kunnen Bahaushe ya saba da shi tun yana goye.

Ladabi ma haka. A Japon ana tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ana rusunawa wajen gaisuwa, kuma akwai kalmomi na musamman da yaro ke yi wa babba magana da su. Wanda aka hore shi da ce wa dattijo "ku" ba zai ga baƙon abu ba. Hatta kokowa sun haɗu a kai: yadda Nijar ke da kokowar takobi tun 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya fara cinyewa a Tawa, haka Japon ke da sumo, ana babbar gasa sau 6 a shekara, kowace kwana 15.

Inda wuyar take

Amma kama da wane ba ta wane. A Japananci aikatau yana zuwa ne ƙarshen magana: maimakon "Audu ya sha fura", sai a jera Audu, fura, sannan sha. Babban aiki kuwa shi ne rubutu. Akwai hiragana mai alama 46, da katakana mai alama 46, kowace alama gaɓa guda ce. Ana iya sanin waɗannan cikin ƴan makonni. Sai kanji, alamomin da aka aro daga Sin, waɗanda kowace ke ɗauke da ma'ana. Yaron Japon yana koyon 1026 cikin shekara 6 na firamare, gwamnati kuma ta tsayar da 2136 don amfanin yau da kullum. Wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci da furfurarsa har ya iya haɗa baƙi ya san maganin wannan: kullum kaɗan, ba fashi.

Tun 1984 ake shirya jarrabawar ƙwarewa a Japananci a ƙasashen duniya, yau tana da mataki 5. Gwamnatin Japon tana ba da guraben karatu a jami'o'inta, kuma ofishin jakadancinta na Abijan ne ke kula da Nijar.

Su sun koyi Hausa

Hulɗar ƙasashen biyu ba ta jiya ba ce. Wani kamfanin Japon yana cikin waɗanda suka kafa Kominak a 1974, kamfanin da ya haƙi uraniyom a Akuta har aka rufe ramin a 2021. Samari da ƴan mata ƴan sa kai na Japon sun yi aiki a lakwal da likita da gandun itatuwa na Nijar, suna jin Hausa da Zabarmanci, har matsalar tsaro ta sa aka janye su a 2011. A 2004 hukumar JICA ta fara shirin "makaranta don kowa" a jihar Tawa, wanda ya ƙarfafa kwamitocin iyaye masu kula da makarantu, kafin a baza shi ƙasa baki ɗaya. Malam Shuichi Oyama na jami'ar Kyoto kuwa, tun shekarar 2000 yake zuwa ƙasar Dogon Dutsi, inda ya koyi dabarar manoma ta zuba shara a kan faƙo don ƙasa ta farfaɗo.

Abin lura a nan shi ne, baƙi sun zo sun koyi bakin masu gida, sun ɗauki ilimin manomi sun rubuta shi cikin nasu harshe. Muddin ɗan ƙasa bai iya karanta abin da aka rubuta a kan gonarsa ba, kuma sai da tafinta na uku zai yi cinikin riɗinsa, to rabonsa a wannan zumunta ƙarami ne. Wannan magana ce da ta shafi hukumomin ilimi da iyayen yara gaba ɗaya.

Akwai kuma darasi na biyu. Yaron Japon da harshen uwarsa yake koyon lissafi da likitanci da ƙere-ƙere, tun daga aji ɗaya har jami'a, sannan ya nemi baƙon harshe. Saboda haka ɗalibin Sarkin Hausa da ya iya rubuta Hausa sosai, ya san dogon wasali da gajere, ya riga ya kama hanya. Da yake su ma shinkafa da wake suke ci, sauran aikin na haƙuri ne da allo.