Gasar F4 ta Faransa: mudu ɗaya ga kowane yaro, amma kuɗin shiga Sefa miliyan 65

Da yawa daga cikinmu in an ambaci tseren motoci, abin da ke faɗo mana a rai shi ne gasar Faris zuwa Dakar, wadda a shekarun 1980 take ratsa Agadas da hamadar Tenere tana tada ƙura. Matasa kuwa sun fi sanin Formula 1, ko F1 a taƙaice, waɗannan motoci masu kujera ɗaya da tayoyi a waje da ake nunawa a talabijin ranar Lahadi. Direbobin F1 su 20 ne kawai a duniya har zuwa 2025, suka koma 22 a 2026. To daga ina suke fitowa? A wannan mako mun leƙa ɗaya daga cikin makarantun da ke yaye su, wato gasar Formula 4 ta ƙasar Faransa, domin akwai wani tsari a cikinta da duk ɗan kasuwa zai gane shi tun kafin mu gama bayani.

Kowa ya san rigimar mudu a kasuwar hatsi. In mai sayarwa ya zo da nasa, mai saye ya zo da nasa, to ba a san gaskiyar buhu ba sai an samu mudu guda da kowa ya yarda da shi. Haka matsalar take a tseren motoci. Yaro zai ci gasa, a yi ta yabonsa, alhali ba a san ko hannunsa ne ya ci ba ko kuwa aljihun ubansa ne ya saya masa gareji mafi tsada da makanikai mafi ƙwarewa. A yawancin ƙasashe, kamar Italiya da Ingila, ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke shiga gasar F4, kowace da makanikanta da injiniyoyinta, kuma wadda ta fi suna ita ta fi tsada. Faransawa suka bi wata hanya dabam. Gareji ɗaya ne ke riƙe da motocin gasar baki ɗaya, shi ne na makarantar FFSA Academy da ke birnin Le Mans, mallakar hukumar wasannin motoci ta ƙasar. Ita ke gyara su, ita ke ɗaukar su zuwa filin tsere, ita ke mayar da su. Yaro ba ya tafiya gida da mota, ba shi da damar kawo bakanikensa ya ƙara mata wani abu da dare.

Tsarin ba sabo ba ne. Kamfanin mai na Elf ne ya kafa makarantar a 1993 tare da haɗin gwiwar Renault, a lokacin ana kiran gasar Formula Campus, daga baya hukumar ƙasa ta karɓi ragamar. Ta sauya suna fiye da sau ɗaya kafin ta zama gasar F4 ta Faransa a 2011. Ita kuwa hukumar duniya, FIA, sai a 2014 ta fito da nata tsarin na F4, aka fara gwada shi a Italiya, inda Lance Stroll, ɗan wani hamshaƙin attajiri na Kanada, ya zama zakaran farko. Gasar Faransa ta shiga ƙarƙashin wannan tsari a 2018.

Ita motar, kamfanin Mygale na Faransa ne ya ƙera gangar jikinta, injin kuma ɗan ƙarami ne mai lita 1.3 daga gidan Renault, wanda bai fi na ƙaramar motar da ake shigo da ita ta tashar Kwatano girma ba. Sirrin yana wajen rashin nauyi. Motar da direbanta duka wajen kilo 600 ne, wato buhun shinkafa mai kilo 50 guda 12, shi ya sa take wuce gudun kilomita 200 a awa. Tun 2022 an sa mata wani ƙarfe mai kama da baka a saman kan direba don kare shi in wani abu ya faɗo ko mota ta kife. Wanda ke tuƙa ta kuwa yana iya zama ɗan shekara 15, alhali a Faransa ba a ba mutum lasin tuƙi a kan titi sai ya kai 17. Ke nan yaron da zai yi gudun 200 da safe, da yamma sai uwarsa ko ubansa ya tuƙa shi zuwa masauki.

Ana zagayawa filaye irin su Nogaro, inda aka saba buɗe kaka a lokacin bikin Ista, da Magny-Cours da Paul Ricard da Lédenon, a kan tsallaka kuma zuwa Spa ta ƙasar Beljiyam. A kowane zagaye ana tsere uku, kowanne bai wuce rabin awa ba. A tsere na biyu ana juya jerin goman farko, na goma ya tashi a gaba, na ɗaya ya koma baya, domin a ga ko gwanin ya iya kutsawa cikin cunkoso ko kuwa gudu kawai ya iya in hanya ta buɗe. Bayan an sauka, kwamfutar da ke jikin mota ta riga ta rubuta komai: inda yaro ya taka birki, inda ya saki, inda ya ji tsoro ya ɗaga ƙafa. Malamai su zaunar da shi su nuna masa. Tun da mota iri ɗaya ce, ba shi da bakin cewa injinsa ne ya ci amanarsa.

To sai dai a nan gizo ke saƙa. Mudun gaskiya ne, amma ba kowa ke iya shiga kasuwar da ake awo da shi ba. Kuɗin kaka ɗaya ya haura Yuro 100,000. Da yake Yuro ɗaya Sefa 655.957 ne ba ya motsi, lissafin ya wuce Sefa miliyan 65, kuma wannan ita ce ake kira mai rahusa, don a manyan ƙungiyoyin Italiya ana biyan ninkin wannan sau da yawa. Kada kuma a manta yaro ba ya faɗowa F4 daga sama. Sai ya shafe shekaru yana tseren wasu 'yan ƙananan motoci marasa gangar jiki masu injin irin na babur, waɗanda yara ke farawa tun suna da shekara 6 ko 7, kuma su ma cin kuɗi suke kamar wuta a kaba. Iyayen Esteban Ocon, wanda ya ci tseren F1 na Hangari a 2021, sai da suka sayar da gidansu suka koma kwana a ɗakin da mota ke ja. Mahaifin Lewis Hamilton ayyuka da yawa ya haɗa a lokaci guda. Waɗannan su ne suka dace aka ji labarinsu. Waɗanda suka sayar da gida yaron bai kai ko'ina ba, babu jaridar da ta bi ta kansu.

A ganinmu wannan bai da bambanci da mai zuba jarinsa duka a kaya guda ya aika ta hanyar da ake yawan tare motoci. Daga F4 sai gasar yanki ta Formula Regional, sai F3, sai F2, kowane mataki ya fi na baya tsada nesa ba kusa ba. Kafin a hau F1 kuma sai an tara maki 40 na babban lasin cikin shekaru uku, zakaran F4 kuwa maki 12 kawai yake samu. Shi ya sa ainihin abin da iyaye ke saye da waɗannan miliyoyi ba kofi ba ne. Suna sayen rumfa ce a bakin hanyar da manyan dillalai ke wucewa, wato masu neman yara na kamfanoni irin su Red Bull da Alpine da Honda, da fatan wani zai tsaya ya ce daga yau ni zan ɗauki nauyin wannan. Kamfanin Honda ma da kansa yake turo yaran Japan, don ya auna su da mudun da ya san ba a yi masa coge ba. Ayumu Iwasa ya ci gasar a 2020, Taito Kato ya ci a 2024.

Abin mamaki, cin kofin ba shi ne tabbacin isa ba. Gaskiya ne Jean-Éric Vergne, zakaran 2007, da Stoffel Vandoorne ɗan Beljiyam, zakaran 2010, sun shiga F1, amma ba su daɗe ba, sai a gasar motocin lantarki suka je suka yi suna. Pierre Gasly kuwa na uku ya zo a 2011, shi ne kuma ya ci tseren F1 na Monza a 2020, Bafaranshe na farko da ya yi haka tun 1996. Zakaran shekarar tasa bai taɓa shiga tseren F1 ba.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Anthoine Hubert, zakaran 2013, abokin Gasly ne tun suna yara, tare suka yi karatu suka zauna a Le Mans. Saura mataki ɗaya ya rage masa lokacin da ya mutu a hatsari a filin Spa ranar 31 ga Agusta 2019, a tseren F2, yana da shekara 22. Tun daga nan Gasly kan kai furanni wurin idan gasa ta zo Beljiyam. A wannan fili dai ake kai yaran F4 su yi tsere.

Wanda ya fi jan hankalin 'yan Afirka cikin waɗanda wannan makaranta ta yaye shi ne Isack Hadjar, haifaffen Faris a 2004, wanda iyayensa 'yan asalin Aljeriya ne, maƙwabciyar Nijar ta arewa. Kaka biyu ya yi a gasar, 2019 da 2020, shi ma na uku ya ƙare, a bayan yaran Honda guda biyu. Dillalinsa bai tsaya ba sai a 2021, lokacin da ya ci wani tsere a titunan Monako a mataki na gaba, Helmut Marko na Red Bull ya gan shi ya ɗauke shi. Ya zo na biyu a F2 a 2024. Ranar da zai fara tseren F1, a Ostireliya cikin Maris 2025, ana ruwa, motar ta zame masa ta daki shinge tun a zagayen ɗumama taya, kafin ma a ba da izinin tashi. Ya fito yana kuka, mahaifin Hamilton ne ya tare shi ya dafa kafaɗarsa a gaban kyamarori. Ƙarshen Agusta na wannan shekara ya zo na uku a tseren Holan, cikin Disamba kuma Red Bull ta sanar cewa ta ba shi kujera ta biyu a babbar ƙungiyarta, kusa da Max Verstappen, a kakar 2026.