Kurmin Tayi, inda rana ba ta kai ƙasa

Yara, kun san daji. Kun san wanda ake zuwa saran icce, kun san wanda ake kai awaki kiwo. In mutum ya tsaya cikinsa yana hango nesa: ga gawo can, ga aduwa can, ga sararin sama bisa kansa. To, akwai wani irin daji da ba mu da shi a Nijar. Ana ce masa kurmi. Da Faransanci kuwa, forêt dense.

Wani saurayi ɗan Maraɗi, wanda na taɓa koyarwa, yana karatun aikin noma a jami'a. Aka yi musayar ɗalibai, aka tura shi Abijan, a ƙasar Kodebuwa, don ya yi shekara guda can. Da hutu ya zo, malamansu suka kai su kurmin Tayi. Da ya komo gida ya ba ni labari, ni kuma ga shi ina ba ku.

Kurmin Tayi yana kudu maso yammacin Kodebuwa, kusa da iyakar Laberiya. Faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 5,000. Gwamnati ta mai da shi gandun daji na ƙasa a 1972. A 1982 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya duka take gado. Shi ne yanki mafi girma da ya rage na tsohon kurmin Afirka ta Yamma.

Abin da ya fara ba saurayin nan mamaki shi ne duhu. Sun shiga da hantsi, amma ya ce sai ka rantse almuru ta yi. Ga dalili. Itatuwan kurmi dogaye ne ƙwarai: da yawa sun kai mita 30 ko 40, wasu ma sun zarce mita 50. Rassansu suna haɗuwa can sama, su zama kamar rufin ɗaki. Cikin kashi 100 na hasken rana, kashi 1 ko 2 ne kawai suke sauka ƙasa. Shi ya sa kowane icce yake miƙewa sama da gaggawa, don ya riga ɗan'uwansa kai wa ga haske. Masu raunin jiki, irin su igiyoyin daji, sai su nannaɗe manya su hau.

Na biyu shi ne ruwa. A Maraɗi, in an tara ruwan saman shekara guda, yakan kai milimita 500 ko kusa da haka, wato rabin mita. Zai kawo wa babban mutum gwiwa. A Tayi kuwa yana kai milimita 2,000, wato mita 2. Ku dubi ƙofar ajinku: kamar tsawonta ke nan. Raninsu gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma ko lokacin ƙasa ba ta bushewa sarai. Saurayin ya wanke rigarsa ya shanya, har kwana uku tana da danshi. A gida, kafin ya gama cin tuwo da ta bushe.

Da ya ga girman itatuwan, sai ya ce wa ma'aikacin gandun dajin da yake yi musu jagora:

— Baba, ƙasar da ta ɗauki waɗannan itatuwa, in aka yi gona a kanta, ai an gama da yunwa!

Dattijon ya yi murmushi, ya miƙa masa sanda ya ce:

— Tona nan, ɗana, ka gani.

Ya tona. Sama akwai ruɓaɓɓen ganye da baƙar ƙasa mai laushi, kaurinta bai wuce tafin hannu ba. Ƙarƙashi sai ga wata jar ƙasa mai danƙo, wadda ba ta da ƙarfin kirki.

Nan ne asirin kurmi yake, sai ku saurara da kyau. Kowace rana ganye yana zuba, rassa suna karyewa, ƴaƴan itatuwa suna faɗuwa. Zafi da danshi suna sa su ruɓe da sauri. Gara da tsutsotsi da laimar kwaɗi suna aikinsu dare da rana, cikin ƴan watanni ganyen ya zama taki. Nan da nan saiwoyin itatuwa su tsotse takin, tun ruwan sama bai wanke shi ba. Ashe abincin kurmi ba cikin ƙasa yake ajiye ba. Yana cikin itatuwan kansu, yana zagayawa daga ganye zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa saiwa, daga saiwa zuwa sabon ganye.

Ku gwada shi da gawonmu. Gawo yana tura saiwarsa can ƙasa da nisa, domin ruwa yake nema. Iccen kurmi ba ya neman ruwa, abinci yake nema, abincin kuwa yana sama sama. Don haka saiwoyinsa shimfiɗe suke kusa da fuskar ƙasa. To, yaya dogon icce mai irin wannan saiwa ba ya faɗuwa? Wanda ya taɓa ganin gindin rimi ya san amsa. Gindin yana fitar da wasu faffaɗan fukafukai da suke tokare shi ta kowane gefe. Saurayin ya ce ya shiga tsakanin biyu daga cikinsu, abokansa ba su gan shi ba.

Dabbobi fa? Kada ku zaci ya ga da yawa. A kurmi kunne ya fi ido aiki. Akwai damisa, akwai giwar kurmi, akwai wata ƙaramar dorina da ba ta fi babban maraƙi ba, amma duk ɓoyewa suke. Birai ya gani suna tsalle can sama. Wata safiya kuma suka ji wani sauti daga nesa, kwas, kwas, kwas, kamar ana fasa ƙwallon goriba. Jagoran ya ce shimfanze ne, wani babban biri marar wutsiya. Yana ɗora ƙwallon icce bisa saiwa, ya ɗauki dutse ko guntun icce ya fasa, ya ci abin da yake ciki. Wani masani mai suna Christophe Boesch ya fara nazarin waɗannan birai a Tayi a 1979. An gano cewa ɗan shimfanze yakan yi shekaru yana kallon uwarsa, yana gwadawa, yana kuskure, kafin hannunsa ya faɗa. Su ma, kun ji, suna da lakwal irin tasu.

A hanyar komowa, da suka fita daga gandun, sai duhu ya yaye. Hagu da dama gonakin kakawo ne, wanda ake yin shokola da ƴaƴansa. Kodebuwa ce ta ɗaya a duniya wajen nomansa. Manomi yana sare kurmi, ya ƙone, ya shuka. Shekarun farko gona tana yin kyau, domin tokar da ruɓaɓɓen ganyen suna nan. Amma itatuwan da suke zuba ganye sun tafi. Ruwan sama yana bugun ƙasa kai tsaye, yana wanke baƙar ƙasar. Bayan wasu shekaru gonar ta gaji, sai a nemi sabon wuri a sare. Ni ba na ganin laifin manomi shi kaɗai, domin abincin iyalinsa yake nema. Amma ta haka, tare da saran katako, ƙasar ta rasa fiye da kashi uku cikin huɗu na kurminta.

Wani cikinku zai ce: mu ina ruwanmu, tun da kurmin yana nesa? Ku tambayi kakanninku inda goro yake fitowa. Iccen goro ɗan kurmi ne, ba ya yi a ƙasarmu. A dā fatake Hausawa suna tafiyar watanni da jakuna har Gwanja, cikin ƙasar Gana ta yanzu, su sayo shi a kasuwar Salaga. Yau motoci ne suke ɗauko huhunansa daga garuruwa irin su Anyama, kusa da Abijan. Goron da ake rabawa a suna da ɗaurin aure, daga can yake. Iskar damina ma daga teku take tasowa, ta ratso bisa waɗannan ƙasashe na kurmi kafin ta iso mana, kuma ganyen itatuwan yana ƙara mata tururin ruwa a hanya.

Gobe kowa ya zo da ƙasa ɗan kaɗan kashi biyu: ɗaya daga gindin gawo, ɗaya daga fili inda babu icce. Za mu zuba su bisa tebur, mu dubi launinsu, mu murza su da yatsa.