TITI NA KOWA NE: Ina Rabon Mai Tafiya A Ƙasa A Birnin Sakkwato?

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Ahmadu Bello a Sakkwato ranar Lahadi da hantsi, lokacin da ake tashi daga sujada, zai ga abin da muke so mu yi magana a kansa yau. Ga mata da goyo, wata tana riƙe da yara biyu, ga dattawa da sanda, ga matasa a kan kekuna. 'Yan kabu-kabu sun yi cincirindo suna kiran fasinja, masu keke napep kuma, wanda Sakkwatawa ke kira agwagwa, sun tsaya inda suka ga dama. Kowa yana so ya tsallaka, amma sai ya auna da ido, ya ga sarari tsakanin mota da mota, sa'an nan ya kwasa da gudu. Haka abin yake a ƙofar masallatai ranar Juma'a, da ƙofar makarantu da rana, da bakin Babbar Kasuwa kowace yamma.

Kwanakin baya mun je asibiti duba wata uwa daga cikin Zumuntar Mata. Tana komawa gida ne daga addu'ar yamma, sai babur ya buge ta ta baya, ta karye a ƙafa. Wata uku ba ta zauna gaban kaskon ƙosai ba, alhali kuwa da shi ake ci a gidan, da shi ake biyan kuɗin makaranta. Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Waɗansu kuma suka ɗora laifin duka a kan yaron da ke tuƙa babur ɗin, wanda shi ne ma ya ɗauke ta zuwa asibiti yana hawaye. Da muka tambaye ta me ya hau da ita kan kwalta, sai ta ce, "Malam, to ina zan bi? Gefe motoci ne a ajiye, bayansu kuma lambatu ne a buɗe."

Wannan amsa tata ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Gaskiya ne akwai direbobi masu ganganci, kuma dole a hore su. Amma yawancin haɗurran cikin gari tun daga ranar da aka zana titin aka shuka su. Titin da bai bar wa mai ƙafa wuri ba, shi ne ke tura shi gaban mota.

ABIN DA ALƘALUMA SUKA NUNA

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne, da masu kekuna, da masu babura. Ta kuma ce tsakanin masu shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya fi haɗarin hanya kisa. In aka auna da yawan jama'a kuwa, nahiyar Afirka ce ta fi kowace yin asara, ko da yake ita ce mafi ƙarancin motoci.

A ƙasar nan an daɗe ana ƙoƙari. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. A ranar 1 ga Janairun 2009 aka fara tilasta wa masu babura sa hular kwano, har waɗansu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su tsere wa kamu. Jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013. Duk waɗannan matakai sun shafi halin mai tuƙi ne da abin hawansa. Abin da ba a cika taɓawa ba shi ne shi kansa titin.

YADDA GARIN YA TASO

Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, aka kewaye ta da ganuwa mai ƙofofi irin su Ƙofar Rini, da Ƙofar Kware, da Ƙofar Marke, da Ƙofar Taramniya. Lungunan cikin gari domin mutum da jaki da raƙumi aka yi su, shi ya sa har gobe mota ba ta iya gudu a cikinsu. Da garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Yamma a 1967, sa'an nan ta Jihar Sakkwato a 1976, sai aka shiga shimfiɗa manyan tituna masu faɗi, da shatale-tale, da hanyoyin kewaye na gabas da na yamma. A zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal an ƙara gadojin sama a Rijiyar Ɗorowa da Runjin Sambo.

Ba mu raina waɗannan ayyuka ba, sun rage cunkoso kuma sun ƙawata gari. Amma a duba wa suka fi amfana. Gidaje nawa ne a Mabera, ko Minanata, ko Gidan Igwai suke da mota? Mafi yawan jama'a da ƙafa suke fita, ko keke, ko su hau kabu-kabu da agwagwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ma, masu ajiye mota su taka sun ƙaru. Ga kuma hanyoyin kewayen da aka yi domin manyan motoci, yanzu gari ya cim musu, ya wuce. Tirelolin siminti daga Kalambaina, da motocin kaya masu nufar Illela da Ƙonni, suna ratsa unguwannin da yara ke tsallaka titi zuwa makaranta.

GUDU SHI NE MAKASHI

A nan ne muke roƙon mai karatu ya natsu, domin lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin kimanin mita 8 a kowace daƙiƙa. Wadda ke gudun 50 tana cin kusan mita 14. Direba mai hankali yana bukatar kamar daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin yaro da taka burki. To, a kan busasshiyar kwalta, mai gudun 30 zai tsaya cik cikin mita 13 ko 14. A daidai wannan wuri, mai gudun 50 bai ma soma taka burki ba, wato da cikakken gudunsa zai sami yaron. Haka kuma in gudu ya ninka, ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkawa.

Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari. Amma allon da aka kafa a gefen hanya ba ya riƙe ƙafar direba. In titi yana da faɗi, a miƙe sambal, babu abin da ke gabansa, to ƙafa da kanta za ta danna totur. In kuwa an ƙuntata shi, an sa tudun rage gudu, an dasa itatuwa a gefe, direba zai sassauta ko babu ɗan sanda.

Mutanen Suwidin sun gane haka. A 1997 majalisar dokokinsu ta amince da wata manufa mai cewa ɗan Adam ajizi ne, dole zai yi kuskure, saboda haka a gina hanya yadda kuskuren ba zai zama ajali ba. Birnin Oslo na ƙasar Nowe ya bi irin wannan tafarki, kuma a 2019 bai rasa mai tafiya a ƙasa ko mai keke ko ɗaya ba. A Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen duniya suka taru a Stockholm, suka nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Kada a ce wannan sai Turai. A 2015 birnin Nairobi ya tsara cewa aƙalla kashi 20 cikin 100 na kuɗin aikin hanya ya tafi ga masu ƙafa da kekuna da motocin haya. Legas kuma tun Maris na 2008 ta ware wa manyan bas-bas layinsu daga Mile 12 zuwa CMS.

Wannan tunani ba baƙo ba ne gare mu. A cikin Maimaitawar Shari'a sura 22 an umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa rawani, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ba a ce a yi ta gargaɗin masu hawa soro su kula ba. Mai gini aka ɗora wa nauyin.

ABIN DA YA KAMATA A NEMA

Na farko, hanyar masu ƙafa a kowane babban titi, mai tudu, wadda mota ba za ta iya hawa ba, a kuma rufe lambatu da murfin kankare. Masu tireda da 'yan talla neman halaliyarsu suke yi, ba kora ce maganinsu ba, a auna musu wuri a bayan hanyar.

Na biyu, wurin tsallakawa a inda mutane suke tsallakawa da ma, wato ƙofar makaranta, da asibiti, da kasuwa, da tasha, da wuraren ibada. Zanen fari kaɗai bai isa ba, a ɗaga wurin ya zama tudu. A tagwayen hanyoyi a bar dakali mai faɗi a tsakiya, inda tsohuwa za ta tsaya ta huta kafin ta ƙarasa. Gadar ƙafa mai matakala da yawa ba ta da amfani ga gurgu, ko mai ciki, ko mai tura kurar ruwa, shi ya sa ake barinta a bi ta ƙasa.

Na uku, inuwa da haske. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma wanda rana ta gasa yakan yanke hanya ta ko'ina. Dogon yaro ya karɓi ƙasarmu, dasa shi ba shi da tsada. A lokacin hunturu kuma hazo yakan rufe ido, ga dare yana saurin yi, saboda haka fitila mai aiki da hasken rana a kan kowane wurin tsallakawa ba ado ba ne.

Na huɗu, matsaya ta musamman domin bas da agwagwa da kabu-kabu, mai rumfa, a ɗan janye daga kan titi, nesa da bakin shatale-tale. Fasinja da yawa a lokacin sauka ne ake buge su.

Na biyar, layin kekuna da aka raba da kankare a hanyoyin da ɗalibai da ma'aikata suka fi bi, kamar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Garin shimfiɗe yake, ya dace da keke, tsoro ne kawai ke hana iyaye barin 'ya'yansu su hau.

MU FARA DAGA ƘOFARMU

Masu iya magana sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kafin mu nuna wa hukuma yatsa, mu duba ƙofar majami'armu. Motocin wa ne suka toshe gefen titi ranar Lahadi, har yaran Makarantar Lahadi suke bi ta kan kwalta? Namu ne. Dattawan ikilisiya su nemi wurin ajiye motoci ko da da ɗan nisa, masu lafiyar ƙafa su taka. A sa matasa biyu ko uku da riguna masu ƙyalli su tsallakar da yara da tsofaffi. A koya wa yara cewa tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka inda babu hanyar ƙafa a bi gefen hagu, ana fuskantar abin hawan da ke zuwa.

Sa'an nan kowace ikilisiya ta sami littafi guda, ta riƙa rubuta wuri da lokacin duk haɗarin da ya auku a kewayenta. Bayan wata shida wuraren da suka fi cin mutane za su fito fili. Kada mu kai kuka mu kaɗai. Mu je wurin mai unguwa, da limamin masallacin da ke maƙwabtaka da mu, da shugaban makaranta, da shugabannin 'yan kabu-kabu, a sa hannu a takarda ɗaya zuwa ga kansila, da ƙaramar hukuma, da ma'aikatar ayyuka, da jami'an kiyaye haɗurra. Mota ba ta tambayar addinin wanda za ta buge, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada kuma wani ya tashi da dare ya gina tudu a kan titi da kansa, domin tudun da ba a auna ba, ba fenti ba alama, shi ma kayar da masu babura yake yi.

Tun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Lahadi ta uku a watan Nuwamba a matsayin ranar tunawa da waɗanda haɗarin hanya ya rutsa da su. Muna ba da shawara a wannan rana a ambaci sunayen namu da muka rasa, a ziyarci masu jinya, a kuma karanta wa jama'a abin da littafin ya tara.

Uwar nan da muka ambata ta warke, ta koma kan kaskonta, sai dai tana ɗingishi. Lambatun yana nan a buɗe, kuma ta nan jikokinta ke bi kowace safiya. Allah ya kiyaye fitarmu da shigarmu, ya kuma ba shugabanninmu kunnen ji. Amin.