Ficewar Nijar daga ECOWAS: ba a ƙwace wa kowa ƙasarsa ba

Tun da ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025, magana ke yawo a kasuwannin Nguru da Gashuwa cewa ɗan Nijar da ke zaune a nan ya zama baƙon haure, kuma wanda uwarsa ko ubansa ya fito daga Gure ko Maine-Soroa zai rasa zamansa ɗan Najeriya. Ta biyun ƙarya ce tsagwaronta. ECOWAS ba ta taɓa ba kowa ƙasa ba, balle ta karɓe. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Najeriya, matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne, ba ruwan wannan da abin da sojojin Yamai suka yanke.

Batun zama da zirga-zirga kuwa, a ranar ficewar ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku masu ɗauke da tambarinta, su bar su su shiga ba biza, su zauna, su nemi abincinsu. Ƙawancen AES, wanda ƙasashen ukun suka kafa, shi ma tun Disambar 2024 ya ce ƙofarsa a buɗe take ga 'yan ECOWAS. Saboda haka Bafillacen da ya koro shanu daga Difa, da mai kanwa da ya sauke buhunansa a Nguru, ba su taka doka ba.

Wani zai ce to me ya sauya? Nan ne jita-jitar ke da ƙamshin gaskiya, kuma abin ya dame ni. A da, yarjejeniyar 1979 ce ta ba ɗan Nijar haƙƙin shiga ya yi kwana 90 ba biza. Yanzu alfarma ce, wadda ECOWAS ta ce za ta ɗore ne har zuwa sabuwar sanarwa, AES kuma ta riƙe ikon mayar da wanda ba ta so. Da Birtaniya ta bar Tarayyar Turai a 2020, sai da aka rubuta haƙƙin mazauna cikin yarjejeniya. Irin wannan rubutaccen tabbaci ya kamata Abuja da Yamai su yi wa mutanen iyaka, domin talakan da ba ya da takarda a aljihu shi jami'in shinge ke fara tatsa, ko doka na gefensa.